Yadda Ake Tsara Filin Wasan Makaranta da Kowane Yaro Zai Shiga Tsakiyarsa

A makarantu da yawa, yaro mai larura yana da benci a aji, sunansa yana cikin rajista, malami yana duba littafinsa kamar na kowa. Amma da an kaɗa ƙararrawar fita hutu, sai ka neme shi cikin 'yan ajinsu ka rasa. Yana bakin baranda ko gindin bango yana kallo. In ka bi sawu, za ka tarar abin da ya tsayar da shi bai taka kara ya karya ba: yashi ya riƙe tayar kekensa, ko matakala uku sun shiga tsakaninsa da inda ake shewa, ko hayaniya ta fi ƙarfin kunnensa kuma babu lungun da zai raɓe ya huta.

Yaran nan suna da yawa. A 2021 UNICEF ta ƙiyasta cewa yara kusan miliyan 240 ne ke da nakasa a duniya, wato ɗaya cikin goma. Sashe na 31 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta 1989, ya sa wasa cikin haƙƙoƙin kowane yaro. Yarjejeniyar Haƙƙin Masu Nakasa ta 2006 kuma, a sashe na 30, ta ce yara masu nakasa su samu damar wasa daidai da sauran yara, har da wasan da ake yi a makaranta.

Sai dai isa filin daban, shiga wasan daban. Ana iya shimfiɗa wa yaro hanya har gindin lilo, ya isa, ya tsaya yana kallon wasu suna hawa. Ana iya saya masa nasa lilon, a kafa a can ƙurya, ya hau shi kaɗai. Duka biyun an kashe kuɗi, kuma bai yi wasa da kowa ba. Don haka duk abin da za ku gina ko ku saya, ku fara yi masa wannan tambayar: zai sa yaron a tsakiyar abokansa ne, ko a gefensu?

Mataki na farko: ku zuba ido, ku tambaya

Kafin a kira magini ko a buɗe kundin masu sayar da kayan wasa, a samu malami ɗaya ko biyu su kalli filin a lokacin hutu na tsawon mako guda. A zana taswirar filin a takarda, a riƙa sa alama: ina yara ke taruwa, ina babu kowa, ina ake karo, ina ruwa ke kwanciya, ina inuwa take a lokacin da ake fita, su wa ke zaune su kaɗai kuma a ina. Sau da yawa za a ga ƙwallon ƙafa ta cinye tsakiyar fili, sauran yara duk an tura su gefe, masu larura da marasa ita.

Daga nan sai a tambayi yaran. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A zaga filin tare da yaro mai keken guragu, da mai dogara sanda, da makaho, da kurma, kowa ya nuna inda yake tsayawa da dalili. Wanda ba ya magana a ba shi hotuna ya zaɓa, ko a lura da abin da yake nufa da abin da yake gudu. A ji ta bakin iyaye da likitan fisiyo, wato mai kula da motsin gaɓoɓi, in akwai shi, amma kada maganarsu ta maye gurbin ta yaron. Manya kan fi damuwa da kada ya faɗi, shi kuwa yaro yakan fi damuwa da kada a bar shi a baya.

Ku rubuta abin da kuka gano da sunan buƙata, kada ku rubuta shi da sunan cuta. "Yana buƙatar abin jingina baya" ya fi amfani ga kafinta a kan sunan larurar. Kuma ku yi tsarin har da yaran da ba su zo ba tukuna, domin fili yana shekaru, ɗalibai kuwa canzawa suke yi. Wannan shi ne tunanin Ronald Mace, masanin zanen gine-gine ɗan Amurka wanda shan inna ta sa shi a keke tun yana yaro: a tsara abu tun farko yadda kowa zai yi amfani da shi, maimakon a gama a dawo ana ƙari da faci.

Mataki na biyu: hanya, tun daga ƙofar aji

Filin wasa daga bakin aji yake farawa. Ku ɗauki tef ɗin awo ku bi hanyar taku bayan taku. Ƙa'idojin da Amurka ta fitar a 2010 ƙarƙashin dokarta ta masu nakasa ta 1990 suna da alƙaluma da za a iya aro, in ƙasarku ba ta da nata. Babbar hanyar cikin fili ta kai faɗin mita ɗaya da rabi, yadda keke biyu za su wuce juna, ko yaro ya tafi kafaɗa da kafaɗa da abokinsa. Wurin juya keke ma da'ira ce mai faɗin mita ɗaya da rabi.

Gangaren hawa kada ya wuce ɗaya cikin goma sha biyu, wato kowane santimita ɗaya na tsayi yana buƙatar santimita 12 na tsawo. Baranda mai tsayin santimita 30 tana buƙatar gangare mai tsawon mita 3.6. A nan magina suka fi yin kuskure: su zuba siminti mai tsawon mita ɗaya a kan matakala, su ce an yi gangare, alhali babba ma ba zai iya hawansa da keke shi kaɗai ba, saukarsa kuwa haɗari ce. A hanyoyin da ke bin ƙasa a cikin filin kansa ƙa'idar ta fi tsauri, ɗaya cikin goma sha shida. Karkatar hanya zuwa gefe kada ta wuce kimanin santimita 2 a kowace mita, in ba haka ba keke zai riƙa zamewa gefe ɗaya, hannun yaro ya gaji.

Ku kula da ƙananan abubuwa. Ɗan tudun da ya wuce milimita 13 a mahaɗar siminti yana tsayar da ƙananan tayoyin gaba na keke. Murfin magudana mai manyan ramuka yana kama taya da bakin sanda. Reshen bishiya, tagar da ke buɗewa waje, ko allo da ya fito daga bango, sandar makaho ba ta jin su, goshinsa ne ke ji. A share sama da hanya har tsayin mita biyu. A yi wa gefen hanya baki mai launi da taɓi daban da na tsakiyarta. Kuma a yi ta zagaye, ta dawo inda ta faro, domin hanyar da ta ƙare a bango ba ta shiga wasan tsere.

Mataki na uku: ƙasan fili

Nan ne zan fi daɗewa, domin nan ne filayen da yawa ke lalacewa, kuma nan ne ya kamata kaso mafi tsoka na kuɗin ya tafi. Ana son abu biyu da ke jan juna: ƙasa mai taushi da za ta tare yaron da ya faɗo, da ƙasa mai ƙarfi da taya za ta bi. Faɗuwa ita ce kan gaba wajen jikkata yara a filin wasa, saboda haka ba a sa siminti ko kwalta a ƙarƙashin abin hawa. Ƙa'idar Turai mai lamba EN 1176 ta ce duk inda yaro zai iya faɗowa daga sama da santimita 60 a shimfiɗa abin da ke rage ƙarfin faɗuwa, kuma kada tsayin faɗowa ya wuce mita 3 ko kaɗan.

Yashi da ƙananan tsakuwa suna tare faɗuwa sosai in zurfinsu ya kai santimita 30 zuwa 40, amma keke ba ya tafiya a cikinsu, mai sanda ma nutsewa yake yi. Ciyawa tana isa ga abin da bai wuce mita ɗaya ba, sai dai tana mutuwa a inda aka fi takawa, ta bar ƙasa mai tauri ko taɓo. Akwai ɓarɓashin katako da ake sarrafawa musamman don filin wasa, wanda ke haɗewa in an danne shi har keke ya bi. Yana da sauƙin kuɗi, amma yana son kulawa kullum, domin ƙarƙashin lilo da bakin abin zamiya ramewa suke yi. Robar da ake zubawa ta daskare, ko ta fale-fale da ake jerawa, ita ta fi dacewa da taya da kuma faɗuwa. Tsadarta ce matsala, kuma mai duhun launi tana ɗaukar zafi ƙwarai a rana. Ta fale-falen in ba a jera ta a kan daɓe mai kyau ba, bakinta yana ɗagawa ya zama abin tuntuɓe.

Shawarata ita ce a gauraya. A yi hanyoyi da abu mai ƙarfi. A sa roba a inda hanya ta shiga yankin faɗuwa, har zuwa mashiga da mafitar kowane abin wasa. Sauran wurin a zuba mai sauƙin kuɗi. Mahaɗar biyun ta zama daidai wa daida, ba tudu ba rami, kuma kada a kewaye wurin da dogon baki na bulo ko katako ba tare da an bar mashiga ba. Kafin duk wannan a gyara magudanar ruwa. Filin da ruwa ke kwanciya a kansa, yaro mai ƙafa zai tsallake, mai keke kuwa ya zauna a aji har ƙasa ta bushe.

Mataki na huɗu: raba fili

A ware yankin gudu da ƙwallo, yankin hawa da lilo, yankin wasan hannu kamar yashi da ruwa da gini, sannan wurin natsuwa. A raba su da shuke-shuke ko gajerun kujeru, kada a yi bangon da zai tare ido. Lilo ya koma gefe, inda hanya ba ta ratsa gabansa ba, saboda yaro mai raunin gani ba ya hango shi yana tahowa, kurma kuma ba ya jin ana cewa ya kauce.

Wurin natsuwa ba wurin horo ba ne, kuma kada a taɓa tura yaro can don ya yi laifi. Ɗan ɗaki ne ko rumfa mai ɗaukar yara biyu zuwa uku, nesa da hayaniya amma ana hango fili daga ciki, mai ƙofar da keke zai shiga. Da yawa daga cikin yara masu otizim, larurar da ke shafar mu'amala da mutane da jure hayaniya, suna buƙatar su janye su huce kafin su dawo. Wasu yaran kuma sai sun daɗe suna kallo kafin su shiga, kallon ma wasa ne a wurinsu. In akwai yaron da ke yawan ficewa da gudu, a kewaye fili da shinge mai ƙofa ɗaya ko biyu da malami ke gani.

Mataki na biyar: kayan wasa

Kada ku ƙirga kaya, ku ƙirga irin wasan da za a samu: lilo, juyi, zamiya, hawa, daidaita tsayuwa, taɓawa da saurare, kwaikwayo. Kowane iri a samu aƙalla hanya ɗaya da yaro mai larura zai yi shi tare da wasu.

A lilo, mai faɗin kwando ya fi kowanne haɗa yara. Mutum uku ko huɗu suna hawa tare, wanda ba ya iya zama ya kwanta. A jera shi a layi ɗaya da lilo na yau da kullum da kuma mai kujerar jingina da ɗamara. Lilon da ake hawa da keke ɗungurungum yana da nauyin da zai iya raunata mai wucewa, shi ya sa akan killace shi a kulle, wanda hakan ke mayar da yaron gefe. Da a ba ni zaɓi, faifai mai juyawa da aka binne daidai da ƙasa zan ɗauka: keke yana shiga kai tsaye, wasu na tsaye, wasu na zaune, wasu na turawa, kowa a abu ɗaya.

Tsayi kuwa shi ne abin da yaro mai keke ya fi rasawa. Kowa yana son ya hau sama ya leƙo. Gangaren katako ko ƙarfe zuwa dandamali mai tsayin mita ɗaya zai ci mita 12, ban da wuraren hutawa. In akwai fili, tara ƙasa a yi tudu ya fi sauƙi: hanya ta zagaya shi a hankali har sama, a kwantar da abin zamiya mai faɗin mutum biyu a jikin tudun, a sa igiya da duwatsun takawa a ɗaya gefen don masu son wahala. Duk a ƙololuwa ɗaya za a haɗu, kuma babu inda za a faɗo daga sama. A bar wuri a ƙasan zamiyar inda yaro zai zauna ya jira a kawo masa kekensa ba tare da na baya sun faɗo masa ba.

Yaran da ke iya barin keke su ja jiki, a yi musu dandamalin sauka mai tsayin santimita 28 zuwa 45, da matakala masu faɗi waɗanda tsayin kowace bai wuce santimita 20 ba, da mariƙi. Mariƙin gangare na yara tsakanin santimita 51 da 71 yake, ƙasa da na manya. Teburin yashi ko na ruwa a bar sararin santimita 61 a ƙarƙashinsa don gwiwa ta shige, kuma a manna shi da ramin yashin da sauran ke ciki, yadda abin da aka gina a sama da na ƙasa zai zama wasa ɗaya.

Akwai wani abu game da zamiya da ba kowa ya sani ba. Ta filastik tana tara lantarkin gogayya, wanda kan iya taɓa na'urar ji da ake dasa wa wasu kurame, shi ya sa ake son a samu ta ƙarfe ko da ɗaya. Amma ƙarfe a rana yana ƙona fata, kuma yaron da ba ya jin taɓi a ƙafafunsa ba zai san yana ƙonewa ba sai an gani. In za a sa ta ƙarfe, dole ta kasance a inuwa.

Kada a manta da kayan da ba a kafe su ba. Tun 1971 Simon Nicholson, wani mai zane ɗan Birtaniya, ya yi bayanin cewa yawan abubuwan da yaro zai iya ɗauka ya juya ya haɗa, shi ne yawan ƙirƙirar da zai yi. Akwatuna, guntayen katako da aka goge, bututu, yadi, bokitai, ƙwallo mai ƙararrawa a ciki don makafi. Irin wannan wasan ba ya tambayar wa ya fi gudu. Yaron da ba ya iya hawa yana iya zama shi ne mai tsara ginin.

Ina roƙon masu tsarawa kada su sauƙaƙa komai har ya zama lami. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara 'yan shekara 5 zuwa 17 su samu kimanin minti 60 na motsa jiki mai sa haki a kullum, kuma shawararta ta 2020 ta haɗa da yara masu nakasa. Yaro mai larura ma yana son gudu, da jiri, da ɗan tsoron da ke sa dariya. Abin da ake kawarwa shi ne haɗarin da yaro ba zai iya gani ba, kamar ƙusa da ta fito ko katako da ya ruɓe. Wahalar da yake gani ya zaɓa da kansa, a bar masa, a jera ta daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Mataki na shida: inuwa, ruwa, banɗaki, alamu

Zabiya ba zai iya daɗewa a rana ba. Masu sikila da masu shan wasu magunguna zafi da ƙishirwa suna saurin kayar da su. A sa inuwa a kan wurin wasan kansa, ba kan kujerar malamai kaɗai ba. Famfo ya kasance ana buɗe shi da hannu ɗaya, a tsayin mai zaune. Banɗakin da keke ke shiga ya kasance kusa, in ba haka ba rabin hutun a hanya zai ƙare. Kujeru su samu abin jingina, a bar gurbin keke a gefensu, wasu a jera su da'ira domin masu maganar hannu su ga juna. A shafa launi mai haske a bakin matakala da ginshiƙai. A kafa allo mai hotuna, na "ina so", "tsaya", "sake", "ruwa", "ciwo", wanda yaron da ba ya magana zai nuna. Ƙararrawar komawa aji a haɗa ta da tuta ko fitila.

Mataki na bakwai: awon lafiya kafin a buɗe

Duk wata kafa da ke tsakanin santimita 9 da 23 tana iya barin jikin yaro ya wuce ta riƙe kansa. A rage ta ko a ƙara ta. Ramin da ke tsakanin milimita 8 da 25 yana kama yatsa. A bar sarari kimanin mita 1.8 kewaye da kowane abin hawa. Gaba da bayan lilo kuwa a bar ninki biyu na tsayin sandar da ya rataya a kai: sanda mai mita 2.4 tana son mita 4.8 ta kowace fuska. A rufe kan noti, a goge walda, a cire duk ƙugiyar da za ta kama riga ko igiyar wuya. In an samu ƙwararren mai duba filayen wasa, a kira shi. Sannan a kawo yaran nan da aka zaga da su tun farko su gwada kafin a sallami magini.

In kuɗi bai isa a yi duka ba, a bi wannan jerin: magudana da hanya, sannan ƙasa, sannan inuwa, sannan abu ɗaya babba da yara da yawa ke hawa tare, sauran a bi su shekara bayan shekara a kan taswirar da aka riga aka zana. Masu ba da taimako sukan fi son sayen abin da ake ɗauka a hoto. A zaunar da su a yi musu bayani, domin lilo mai tsada a tsakiyar yashi yaron da aka saya dominsa ba zai kai gare shi ba.

Bayan an buɗe

Sauran aikin na mutane ne. A koya wa masu kula da hutu yadda ake taimaka wa yaro ya sauka daga keke ba tare da an ji wa bayansa ko nasu ciwo ba, da tambayarsa kafin a taɓa shi ko kekensa, da ja da baya in wasa ya kankama. Babban da ke manne da yaro koyaushe yana korar abokansa ba tare da ya sani ba. A duba tsawon hutun ma: in yaro yana cin minti biyar kafin ya iso fili, a sallame shi da wuri tare da aboki ɗaya ko biyu, kada ya fita shi kaɗai.

A sa wa mutum ɗaya alhakin zagaya fili kowace safiya, ya share yashin da ya hau hanya, ya cike ramin ƙarƙashin lilo, ya taɓa ƙarfe da roba da tafin hannu in rana ta yi. Kowane wata a duba noti, sarƙa da mahaɗar roba, a rubuta a littafi. Bayan zango ɗaya a ɗauko taswirar farko a sake kallon mako guda, a sa sabbin alamu da wani launi. Duk yaron da har yanzu alamarsa ke bakin baranda, a je a tambaye shi me ya rage, a sa amsarsa a farkon aikin zango mai zuwa.